Ina Matafiyin Kwana Biyu Zai Sami Abinci Mai Kyau?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin da ka saba ba ni kowane mako, in amsa wata tambaya da ta zo mini daga wani akawu. Ya ce shi da abokan aikinsa uku sun ƙulla shawara su tafi shan iska wani tsibiri ran Asabar, su komo ran Lahadi da maraice, don su kama aiki ran Litinin. Abin da ya dame su shi ne abinci. In mutum ya sauka inda bai san kowa ba, ƙaƙa zai gane wurin da zai ci ya ƙoshi, ya tashi lafiya, ba a kuwa cuce shi wajen kuɗi ba? Na ga tambayan nan ta shafi malamin makaranta da aka yi wa canjin gari, da ɗan kasuwa, da mai zuwa biki ko ta'aziyya, saboda haka na ce gara in amsa ta a bainar jama'a.

Mu fara da zancen tsibirin. Mu nan ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba mu da shi. Gaskiya ne a 2024 an buɗe tashar jiragen ruwa ta kan tudu a Funtuwa, amma wannan ta kaya ce, ko kwalekwale ba ya tsayawa a cikinta. Ruwan da muke da shi na madatsai ne, irin su Mairuwa da Gwaigwaye da na Malumfashi. Sai dai kogin Sakkwato nan kusa da Funtuwa ya faro, ya bi ta Gusau, ya gamu da Rima, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara. In ka bi Kwara ka gangara sai ka iso ƙasar Yawuri, nan ne tsibiran da muka fi jin labarinsu suke. Mutanensu su ne Gungawa, domin gungu shi ne tsibiri. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye da yawa daga cikin tsibiran nan, aka ta da mutum fiye da 40,000 daga yankin duka, aka sake musu mazauni.

To, malam akawu, kwana biyu ba su isa Yawuri daga nan ba. Zuwa wuni ne, komowa wuni ne, ina lokacin shan iskar? Ga kuma halin da hanya take ciki, ga sha'anin ruwa. A watan Mayu na 1921 da ɗari, watau 2021, wani jirgin ruwa da aka cika wa kaya da mutane fiye da kima ya nutse kusa da Wara a ƙasar Ngaski, mutane da yawa suka halaka. Wanda ya sami hutu mai tsawo ya nufi can, kada ya shiga jirgin da aka danƙare, kada kuma ya shiga ruwa bayan faɗuwar rana.

Amma akwai wani ilmi guda da tsibiri yake koya wa mai ci, shi ne kuwa tushen amsata. A tsibiri abinci iri biyu ne, akwai wanda wurin ya haifa, akwai wanda jirgi ya kawo. Wanda wurin ya haifa, watau kifi da shinkafa da albasa, shi ne sabo, shi ne mai araha, shi ne kuma matan wurin suka gwanance da dafawa tun suna 'yan mata. Wanda jirgi ya kawo, irin su burodi da lemon kwalba da abincin gwangwani, ya sha hanya, ya sha rana, an kuma ɗora masa kuɗin fito. Baƙon da ya sauka cikin masunta ya ce shi sai cincin da naman gwangwani, ya biya da yawa ya ci abin da ya kwana. In ka lura, kowane gari haka yake ko da babu ruwa kewaye da shi. Don haka shawarata ga malaman nan huɗu ita ce su yi kwana biyun nan tsakanin Funtuwa da Malumfashi, tafiyar kamar mil 30, su gwada ilmin nan a gida tukuna. Ga yadda za su yi.

Abu na fari, ka san abin da ƙasar take haifarwa, da lokacin da take haifar da shi. Ƙasarmu ta noma ce, ta fi arewacin jihar Katsina samun ruwan sama. A zamanin kakanninmu dawa ce abincin gida, auduga ce ta kuɗi, shi ya sa Turawan kamfanin auduga suka kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi. Masara kuwa ta bayan gida ce, ana gasa wa yara. Sai a 1975, da aka kafa aikin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gwambe, aka kawo sabon iri da takin zamani, masara ta mamaye gonaki. Yau in ka shiga rumfar tuwo a Funtuwa ko Bakori, tuwon masara za a fara miƙo maka, fari sol, da miyar kuka ko kuɓewa. Mai son tuwon dawa sai ya tambaya, ya kuwa kamata ya tambaya, domin inda aka iya shi, da man shanu da daddawar kalwa, babu na biyunsa. Waken suya ma da ya yawaita a gonakinmu shi ya haifi awara, wadda kakanninmu ba su san ta ba, yanzu kuwa ba lungun da ba a soya ta.

Kowane lokaci na shekara da nasa rabon. Da damina shanu sun sami ciyawa, nono ya yawaita, man shanu ya yi sauƙi, ga zogale da rama ɗanyu na kwaɗo, ga masara gasasshiya a bakin hanya. Da kaka sai sabuwar shinkafa da dafaffiyar gyaɗa da kabewa, lokacin miyar taushe ke nan. Da sanyi da rani kuwa fadamun ƙasar Ɗanja da Ƙafur su ke ciyad da kasuwa, ga tumatir da attaruhu da albasa, ga dankali, ga rake da mazarƙwaila. Wanda ya nemi miyar ɗanyen tumatir a tsakiyar damina, lokacin da ya yi wuya ya yi tsada, kada ya yi mamaki in an kawo masa ruwa mai ja.

Abu na biyu, kowane abinci da sa'arsa. Wannan shi ne abin da baƙi suka fi jahilta. Koko da ƙosai na sassafe ne, mai su ta kan kwashe kaskonta kafin hantsi ya dubi ludayi. Waina ma ta safe ce, a ci ta da zafinta daga tanda, da miya ko da ƙuli. Da rana ta take sai ɗanwake, da dambu, da shinkafa da wake da mai da yaji, da fura. Balangu yakan sauka wajen azahar zuwa la'asar, tsire kuwa sai rana ta yi sanyi a kafa shi gefen wuta. Tuwo na dare ne, ko da yake a tasha ana samunsa da rana. Daga nan sai teburin mai shayi, shi ne ke rufe gari. In ka nemi ƙosai da la'asar za ka samu, amma ragowar safe ce aka sake jefawa cikin mai. Haka kuma kowace kasuwa da ranarta. Garin da ka iske shiru yau, gobe in kasuwarsa ta ci sai ka ga rumfunan abinci sun fito kamar naman kaza bayan ruwa, mahauta sun yi yanka da yawa, Fulani sun shigo da ƙoren nono. Babbar kasuwar hatsi irin ta Ɗandume, wadda manyan motoci ke lodi daga cikinta zuwa kudu, ranar cinta ita ce ranar abincinta. Saboda haka kafin ka tsai da ranar tafiya ka tambayi direba wace kasuwa ke ci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na uku, ka san wanda za ka tambaya. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, amma ba kowane ɗan gari ba. Funtuwa mararraba ce, hanyar Zariya da ta Gusau da ta Katsina da ta Birnin Gwari duk nan suka gamu. Tun da aka ja hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta nan, har ta kai Ƙaurar Namoda a 1929, garin ya zama zango, ya tara Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauran kabilu, kowa da tukunyarsa, har mai marmarin amala ko sakwara ba zai rasa ba. A gari irin wannan, malaman abinci su ne direbobin manyan motoci da yaransu. Mutumin da ke bin hanya guda shekara goma, in ya ci wuri ya ɓata masa ciki ba ya komawa, ya kuma gaya wa 'yan'uwansa. Inda ka ga sun jera motoci sun zauna kan benci, to, akwai dalili. Bayansu sai tela da mai shago, waɗanda ke wuni a kasuwa suna aiken yaro da kwano.

Yadda ake tambayar ma da dabara. In ka zo da babbar riga da agogo ka ce, ina gidan abinci mai kyau, za a nuna maka mai gilashi da fanka, don an ɗauka shi kake nufi. Ka ce, Malam, kai ina kake cin naka? Ka tambayi mutum uku dabam dabam, in biyu suka ambaci wuri guda, nufi can. Samarin yanzu sukan duba waya su ga inda aka yaba. Ba laifi, amma su sani tsohuwar da ta shekara talatin tana tuƙa tuwo a bayan tasha ba ta da allo, ba ta cikin waya, sunanta a bakin mutane yake.

Abu na huɗu, shi ne mafi girma, in ka isa wurin ka bar idonka ya ci kafin bakinka. Dubi wuta tukuna. Abincin da aka ɗebo daga tukunya tana tururi a gabanka ya fi aminci bisa wanda aka jera tun safe, komai kyaunsa, domin zafi yana kashe ƙwayoyin cuta, ɗumi-ɗumi kuwa renonsu yake yi. Sa'an nan dubi ruwa. Ina ake wanke kwanoni? In baho guda ne tun safe, ruwan ya yi kauri kamar kunu, ka yi sallama ka wuce. In kuwa akwai na sabulu dabam, na ɗauraya dabam, ana kifa kwanonin a kan tebur, to, mai wurin ta san aikinta. Wajen wanke hannu kada ka tsoma cikin kwanon da mutum goma suka tsoma, ka ce a zuba maka da buta, ka kuma riƙa tafiya da ɗan guntun sabulu a aljihu. Dubi murfi, dubi ƙuda, dubi ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke damƙar nama.

Kada wani ya ce wannan tsirfar 'yan boko ce. A 2021 cutar amai da gudawa, wadda likitoci ke kira kwalara, ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi tsananta. Ta ruwa da abinci da hannu marar tsabta take shiga, ta fi kuma yaɗuwa da damina, sa'ad da ambaliya ke kwashe ƙazanta ta zuba cikin rijiya. Tana iya kashe ƙato cikin wuni guda, don tana tsiyaye ruwan jikinsa. In ta kama wani a hanya, a dafa ruwa lita guda a bari ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a yi ta ba shi yana kurɓa, a kuma garzaya da shi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

Fura da nono abin alfaharinmu ne, ban ce a bari ba. Amma haɗarinta yana cikin ruwan da aka dama da shi, da ƙanƙarar da aka jefa. Ka sayi ruwanka mai tsabta ka miƙa a dama maka da shi, ba wadda za ta ji haushi. Ƙosai ko alala in ka ji warin magani ka ajiye, domin waɗansu masu ajiyar wake suna zuba masa fiya-fiya don ƙwari, har abin ya sa ƙasashen Turai suka hana shigar da wakenmu a 2015. Man suya in ya yi baƙi yana kumfa, ya gaji. Nama kuwa ka nemi na mahaucin da aka sani, wanda ya yanka da safe a kwata, a kuma mai da maka shi kan wuta ya yi zafi har ciki kafin a barbaɗa yaji. In kun je bakin madatsa don kifi, ku zaɓi wanda idonsa ke sheƙi, jikinsa da tauri in an danna, a gasa ko a soya a gabanku. Amma kada ku shiga ruwan wanka. Likitocin da suka yi bincike a ƙasar Malumfashi cikin shekarun 1970 sun iske tsargiya ta yi yawa ga yaran da ke wasa a irin ruwan nan na kwance.

Abu na biyar, ladabi da ciniki. Ka yi sallama, ka gai da mai abinci da Inna ko Hajiya gwargwadon shekarunta, ka tambayi kuɗin malmala da na yankan nama kafin a zuba, don kada a yi ta-in-ta-in bayan an ci. Ka riƙe canji a aljihu, domin ba kowace rumfa ke karɓar kuɗi ta waya ba, wanda ya ga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 ba ya bukatar a tuna masa. In an faɗi kuɗi daidai, kada ka tsaya neman ragi don a ga kai wayayye ne. Da yawa daga matan nan da ribar tukunyan nan suke ciyad da marayu, suke biyan kuɗin makaranta, suke yi wa 'ya'ya kayan ɗaki. Itace ya yi tsada, mai ya yi tsada. In abincin ya yi daɗi ka faɗa mata, ka kuma faɗa wa wani.

Abu na shida, ba na so in faɗa, amma ɓoye shi cuta ne. Ƙasarmu ta sha wuyar ɓarayin daji. Kowa ya tuna da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a watan Disamba na 2020, da yadda a 2021 gwamnatin jiha ta dakatad da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Malumfashi da Ƙafur da Faskari, na wani lokaci. Mahauta da masu tuwo sun ji a jikinsu, don in kasuwa ba ta ci ba tukunya ba ta hawa wuta. Saboda haka mai yawon cin abinci ya bi babbar hanya, ya tashi da hantsi, ya sauka kafin la'asar sakaliya. In an yaba maka balangun wani ƙauye da ke cikin lungu, ka tambayi mutanen tasha halin hanyar a ranar nan, in sun yi shiru sun dubi juna, ka haƙura. Ba naman da ya kai rai.

In na haɗa duka, ga yadda kwana biyun za su kasance. Ran Asabar a karya da waina ko koko da ƙosai a Funtuwa tun da sassafe, a zaga kasuwa, a ci abincin rana inda direbobi ke ci. Da azahar a kama hanya, a tsaya Bakori a sayi abin da lokacin ya kawo, ko rake ko dankali ko gyaɗa, a isa Malumfashi, garin Galadiman Katsina, da sauran rana. A nemi tsire da magariba, a rufe da tuwo. In kuna da aboki a garin ku aika masa tun ran Alhamis, gama tuwon gida ya fi na kowace rumfa, ku kuwa riƙa wa iyalinsa 'yar tsaraba. Ran Lahadi a sha fura da hantsi, a sayi daddawa da man shanu na kai wa gida, a juyo da wuri. Wanda ya iya wannan a nan, in Allah ya kai shi Yawuri ko Ikko ba zai zauna da yunwa ba.

Daga ƙarshe ina da roƙo biyu. Na ɗaya ga shugabannin ƙananan hukumominmu da sarakunan kasuwa. Dattawa suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda ke leƙa randa da kwata da rumfa. A ƙarfafa ma'aikatan tsabta na yanzu su riƙa zagawa, su koyar kafin su ci tara. A kuma sa famfo ko rijiyar burtsatse kusa da rumfunan abinci na kowace kasuwa da tasha, domin macen da ke sayen ruwa jarka jarka daga 'yan garuwa ba za ta zubad da na wanke-wanke sau biyar a wuni ba, komai son tsabtarta. Na biyu ga masu karatu. Kowa ya rubuto wa Edita abincin da garinsu ya fi gwanancewa da shi, da ranar kasuwarsu, da lokacin shekara da ya fi kyau a zo. In mutanen Musawa da Matazu da Sabuwa da Maska suka amsa, kafin shekara ta kewayo mun tara abin da zai amfani kowane baƙo.

Haza wassalam.

Naku,
Mai rubuto muku daga Funtuwa.